Wutar Lantarki Daga Harshen Wuta: Darasin Fasahar MHD Ga Masu Jiran Gas Ɗin Kolmani

BAUCHI — Duk wanda ya ratsa ta wuraren masu sana'ar hannu a birnin Bauchi, ko ta gefen kasuwar Muda Lawal ko ta hanyar Jos, zai tarar da masu walda sun duƙufa a kan ƙyauren ƙarfe ko taga, wani farin haske mai kashe ido yana tartsatsi a tsakanin sandar walda da ƙarfen da ake liƙewa. Sau da yawa kuma akwai janareta a gefe yana ta ruri, domin wutar layi ba ta zo ba. Kaɗan ne daga cikin masu wucewa suka san cewa irin wannan haske da ke hannun mai walda shi ne manyan ƙasashen duniya suka shafe fiye da shekara 30 suna kashe maƙudan kuɗi a kansa, da nufin su tatso wutar lantarki mai arha daga cikinsa ba tare da wani inji mai juyawa ba.

Masana kimiyya suna kiran wannan abu filasma, watau iskar da ta yi zafi matuƙa har ta soma ɗaukar wutar lantarki kamar yadda waya ke ɗauka. Fasahar samar da wuta daga gare ta kuwa an fi saninta da taƙaitaccen sunanta na MHD. Har zuwa yau babu wata ƙasa da ke da tashar MHD ta kasuwanci, to amma tarihin yadda aka tashe ta da kuma yadda ta faɗi yana da muhimmanci ga 'yan kasuwa da masu masana'antu na Bauchi, domin tambayar da ta sa aka ƙirƙiro ta ita ce za ta yanke yawan amfanin da jihar za ta samu daga iskar gas ɗin da aka gano a Kolmani. Tambayar kuwa ita ce: a cikin zafin da ake samu idan an ƙone gas ko kwal, nawa ne ke zama wuta, nawa ne kuma ke bin iska?

Gas a ƙofar gida

Neman man fetur a yankin Kolmani, wanda ke tsakanin ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi da ƙaramar hukumar Akko ta Jihar Gombe, ba jiya aka fara shi ba. A shekarar 1999 wani reshe na kamfanin Shell ya haƙa rijiyar farko a wurin, inda ya tarar da iskar gas kimanin ƙafa kubik biliyan 33, adadin da aka ga bai kai na kasuwanci ba, aka kuma bar aikin. Bayan shekara 20, a watan Oktoba na 2019, kamfanin mai na ƙasa NNPC ya ba da sanarwar samun mai da gas a rijiya ta biyu. A ranar 22 ga watan Nuwamba na 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar, inda aka bayyana cewa ana sa ran ɗanyen mai fiye da ganga biliyan 1 da iskar gas ƙafa kubik biliyan 500.

A cikin ayyukan da aka lissafa a wajen wannan biki akwai matatar mai, da masana'antar takin zamani, da kuma tashar wutar lantarki mai ƙarfin megawat 300. Aikin ya yi tafiyar hawainiya bayan bikin, amma a shekarar 2025 shugabannin NNPC sun sake bayyana aniyarsu ta ci gaba da shi.

Ga mai masana'anta a Bauchi, wannan tasha ta fi matatar man kanta muhimmanci. Birnin yana samun wutarsa ne daga babban layin ƙasa, wanda yawanci abin da ke bi ta kansa bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba ga al'ummar da ta haura mutum miliyan 200. Tun daga watan Nuwamba na 2013, lokacin da aka sayar da kamfanonin da suka gaji hukumar NEPA, rarraba wuta a Bauchi yana hannun kamfanin rarraba wuta na Jos, wanda ke kula da jihohin Filato da Binuwai da Gombe da Bauchi. Manyan tashoshin da ke samar da wutar kuwa suna can nesa, ko dai a madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro, ko a kudancin ƙasar inda gas yake. Illar wannan nisa ta fito fili a watan Oktoba na 2024, sa'ad da matsalar manyan layuka ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na fiye da mako guda, masu niƙa da masu ƙanƙara da teloli da masu walda suka koma dogaro da man dizal da fetur, ko kuma suka rufe shagunansu.

Inda asarar take

Domin a fahimci dalilin da ya sa aka nemi fasahar MHD, sai an duba yadda ake samar da wuta a tashoshin da aka saba da su. A tashar tururi, irin ta Egbin da ke Jihar Legas, ana ƙona gas ne a dafa ruwa a cikin wata ƙatuwar tukunya, tururin ya fita da ƙarfi ya juya farfela, ita kuma farfelar ta juya janareta. A cikin janaretan akwai maganaɗisu da naɗaɗɗiyar wayar tagulla, motsin ɗaya a kusa da ɗaya ne ke haifar da wuta. Zafin yakan bi matakai da dama kafin ya zama lantarki, kowane mataki kuwa da irin tasa asarar.

Akwai wata ƙa'ida ta kimiyya da ba ta da makawa a nan, wadda ta nuna cewa gwargwadon tsananin zafin da inji ke aiki da shi, gwargwadon kason da zai iya mayarwa ya zama wuta. Harshen wutar da ke cikin tukunyar yana iya haura digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas, amma tururin da ke isa ga farfela yawanci bai wuce digiri 540 zuwa 600 ba, domin bututun ƙarfe da fukafukan farfela ba za su jure abin da ya fi haka ba na tsawon shekaru. Saboda haka tashar tururi takan mayar da kashi 35 zuwa 40 cikin 100 ne kawai na zafin makamashinta ya zama wuta. Ragowar yana fita ta bututun hayaƙi da ruwan sanyaya inji. Ƙaramin janareta na fetur da ke ƙofar shago ya fi haka ɓarna, domin ba kasafai yake kai kashi 20 ba. Ma'ana, a cikin kowace Naira 100 da mai shago ya zuba a tankinsa, fiye da Naira 80 tana tafiya ne a zafi da hayaƙi da ƙara.

Injiniyoyin shekarun 1950 sun ga cewa ƙarfen da ke juyawa shi ne ya zame musu ƙarfen ƙafa. Sai suka yi tunanin a kawar da shi gaba ɗaya, a bar iskar mai zafi da kanta ta tsaya a matsayin wayar tagulla.

Yadda na'urar take aiki

Kowane abu a duniya an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kowace ƙwaya kuma tana riƙe da wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, waɗanda ake kira ilektaron. A cikin iska ta yau da kullum waɗannan ƙwayoyi a ɗaure suke, shi ya sa iska ba ta ɗaukar wuta. Idan zafi ya tsananta sai wasunsu su suɓuce su riƙa yawo, iskar ta zama filasma. Walƙiyar damina filasma ce, haka nan hasken walda, da abin da ke cikin doguwar fitilar lantarki mai kama da sanda. Rana kanta dunƙulen filasma ce.

Na'urar MHD a siffarta ta yi kama da bakin roka. Ana ƙona gas ko garin kwal da iskar da aka riga aka ɗumama, har zafin ya kai wajen digiri 2,500 ko fiye, sa'an nan a saki wannan iska ta bi ta cikin wani dogon kwararo da gudun da ke kusantar kilomita guda a cikin daƙiƙa ɗaya. Kwararon yana tsakiyar wani babban maganaɗisu. Da zarar filasmar ta ratsa ƙarfin maganaɗisun, sai ƙwayoyin lantarkin da ke cikinta su karkata, masu wata alama su nufi wannan bango, masu kishiyarta su nufi wancan. A jikin bangayen biyu an jera faya-fayai masu karɓar wuta, daga nan kuma waya ta kwashe ta zuwa waje. Babu tukunya, babu farfela, babu wani abu da ke juyawa.

Sai dai ko a wannan zafi iskar ba ta ɗaukar wuta yadda ake buƙata, sai an barbaɗa mata wani sinadari mai saurin sakin ƙwayoyinsa. Abin da aka fi amfani da shi shi ne gishirin fotasiyam, kimanin kashi 1 cikin 100 na nauyin iskar. Wannan gishiri ba baƙo ba ne a gidajenmu, domin shi ne ke cikin ruwan toka da mata ke tacewa don girki da haɗa sabulu. Masana suna kiransa iri, saboda yadda ake watsa shi a cikin harshen wuta kamar mai shuka.

Iskar da ta fita daga kwararon har yanzu tana da zafin da ya haura digiri 1,500, wanda ya isa ya dafa tururi ya juya farfela kamar a tasha ta yau da kullum. Tsarin da aka yi ke nan, a ɗora MHD a sama ta fara cin zafin da ya fi tsanani, tashar tururi a ƙasa ta ci sauran. An yi lissafin cewa biyun a haɗe za su ba da kashi 50 zuwa 60 cikin 100, watau a samu ƙarin kusan rabin wutar da ake samu daga makamashi iri ɗaya.

Daga Landan zuwa Masko

Asalin tunanin ya faro ne daga masanin nan na Ingila, Maikel Faradai, wanda a shekarar 1831 ya gano ƙa'idar da dukan janaretocin duniya ke aiki a kanta. A farkon 1832 ya je gadar Watalu a birnin Landan ya zura wayoyi a cikin kogin Tems, yana neman ya auna wutar da ruwa mai gudu zai haifar sa'ad da yake ratsa ƙarfin maganaɗisun da duniya ke da shi. Kayan awonsa ba su iya nuna masa sakamako bayyananne ba, amma daga baya an tabbatar da cewa tunaninsa daidai ne.

An ɗauki fiye da shekara 100 kafin a gwada abin da iska mai zafi. Daga 1938 wani injiniya ɗan ƙasar Hangari, Bela Karlovitz, ya yi gwaje-gwaje a kamfanin Westinghouse na Amurka, amma wutar da ya samu ba ta taka kara ta karya ba, domin a lokacin ba a fahimci halayen filasma sosai ba. Masanin ƙasar Suwidin, Hannes Alfven, shi ne ya shimfiɗa ginshiƙin wannan ilimi a shekarun 1940, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1970. A shekarar 1959 ne Richard Rosa na kamfanin Avco a Amurka ya gina na'urar farko da ta yi aiki, ta ba da wuta kimanin kilowat 10. Cikin 'yan shekaru kamfanin ya kai ga na'urar da ke ba da megawat masu yawa, ko da yake na ɗan taƙaitaccen lokaci.

Tarayyar Sobiyet ce ta fi kowa nisa a wannan fage. A shekarar 1971 Cibiyar Nazarin Matsanancin Zafi da ke Masko ta ƙaddamar da tashar gwaji mai suna U-25, wadda ke ƙona iskar gas, ta kai ga ba da wuta kimanin megawat 20, har ana tura ta cikin layin birnin. Duk da gabar da ke tsakanin manyan ƙasashen biyu a wancan zamani, a 1977 Amurka ta ɗauki wani maganaɗisu mai nauyin tan 40, wanda aka ƙera a ɗakin bincike na Argonne, ta kai shi Masko a jirgin saman soja domin a yi gwajin haɗin gwiwa. Masanan Sobiyet sun kuma ƙera wasu na'urorin MHD masu aiki da man roka, waɗanda ke sakin wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi, suka yi amfani da su a tsaunukan Pamir da yankin Kola wajen binciken abin da ke can cikin ƙasa.

Amurka ta ƙara ƙaimi bayan rikicin man fetur na 1973, inda ta mai da hankali ga kwal, wanda take da shi jibge. Ta gina wuraren gwaji a garin Butte na Jihar Montana da garin Tullahoma na Jihar Tenesi. Japan da Sin da wasu ƙasashen Turai su ma sun shiga. Indiya, wadda ƙasa ce mai tasowa, ta gina ƙaramar tashar gwaji a garin Tiruchirappalli a tsakiyar shekarun 1980.

Abin da ya kayar da ita

Matsala ta farko ita ce ta kayan gini. Ƙarfe yana narkewa ne a wajen digiri 1,540, alhali iskar da ke bi ta kwararon ta fi haka da kusan digiri 1,000, ga ta da gudu, ga kuma gishirin fotasiyam mai cin duk abin da ya taɓa. Faya-fayan da ke karɓar wuta sukan zaizaye bayan ɗaruruwan sa'o'i, alhali mai zuba jari yana buƙatar na'urar da za ta yi dubban sa'o'i tana aiki ba a tsayar da ita ba. Inda ake ƙona kwal kuwa, narkakkiyar toka takan lulluɓe bangon kwararon ta haɗa faya-fayan da bai kamata su haɗu ba, wuta ta riƙa zurarewa.

Matsala ta biyu ita ce tsadar kayan da ke kewaye da kwararon. Maganaɗisun da ake buƙata irin wanda ake sanyayawa ne har kusan ƙarshen sanyi, domin wayoyinsa su daina tauye wuta, kuma kuɗin ƙera shi da riƙe shi ba kaɗan ba ne. Gishirin da aka barbaɗa dole a tsamo shi daga cikin hayaƙi a tsarkake a sake amfani da shi, wanda hakan na nufin gina wata masana'antar sinadarai a jikin tashar. Tsananin zafin yana haifar da gurɓatacciyar iska da sai an magance ta. Bugu da ƙari, wutar da MHD ke bayarwa mai tafiya hanya ɗaya ce irin ta batir, sai an juya ta zuwa mai kai da komo kafin a sa ta a layi.

Amma abin da ya yi mata kisan mummuƙe ya fito ne daga wani ɓangare dabam. A daidai lokacin da ake fama da kwararon MHD, masu ƙera injin jirgin sama da na tashoshin gas suna ta inganta farfelar da ke cin iska mai zafi kai tsaye ba tare da tururi ba. Sun samo gaurayen ƙarafa masu juriya, suka lulluɓe fukafukan da wani irin tangaran, suka kuma huda su da ƙananan ramuka da iska mai sanyi ke bi. Zafin da farfelar gas ke jurewa ya tashi daga wajen digiri 1,000 a shekarun 1970 zuwa digiri 1,500 da ɗoriya a manyan injuna na zamani. Da aka haɗa irin wannan farfela da tukunyar tururi mai cin hayaƙinta, sai aka samu abin da MHD ta yi alkawari, da kuɗi kaɗan, da kuma injin da kowane injiniya ya san yadda ake gyara shi. A 2011 wata tasha a Irsching ta ƙasar Jamus ta haura kashi 60 cikin 100, a 2016 kuma tashar Bouchain ta Faransa ta haura kashi 62.

Labarin tashar Riyazan ta Rasha ya isa misali. A shekarun 1980 an fara gina babbar tasha a can wadda aka tsara za ta zama ta farko a duniya mai haɗa MHD da tururi a matakin kasuwanci. An kammala ɓangaren tururin ya fara aiki, amma a ƙarshen shekarun aka yi watsi da ɓangaren MHD. A shekarar 2010 aka ɗora wa wannan tasha farfelar gas, ta yi aikin da aka tanadar wa filasma. Ita ma Amurka ta rufe shirinta a 1993. Tun daga lokacin binciken ya koma ɗakunan gwaji na jami'o'i da cibiyoyi, inda samuwar sababbin maganaɗisai masu ƙarfi ta sa wasu masana suka sake waiwayarsa a 'yan shekarun nan.

Lissafin Kolmani

Idan aka dawo gida, za a ga cewa wannan tarihi ya shafi aljihun Bauchi kai tsaye. Tashar gas iri biyu ce. Akwai mai hawa ɗaya, wadda farfela ke cin zafi sau ɗaya ta saki hayaƙi mai zafin digiri 500 zuwa 600 ya bi iska, irin wannan takan ba da wajen kashi 35 cikin 100. Akwai kuma mai hawa biyu, wadda ke kama hayaƙin ta dafa tururi da shi, wadda ko matsakaiciya ce takan kai kashi 50 zuwa 55. Da yawa daga cikin tashoshin gas na Nijeriya masu hawa ɗaya ne, domin sun fi arha da saurin ginawa. Masu hawa biyu, irin su Okpai a Jihar Delta da Afam ta shida a Jihar Ribas, 'yan kaɗan ne.

A lissafi na kusa, tashar megawat 300 mai hawa ɗaya da ke aiki dare da rana za ta ci iskar gas kusan ƙafa kubik miliyan 75 a kowace rana. Mai hawa biyu da ke ba da kashi 55 za ta ci kusan miliyan 48 ta ba da wuta daidai da waccan. Da za a ce dukan gas ɗin da aka ambata a 2022, watau ƙafa kubik biliyan 500, za a ba tashar ne ita kaɗai, to da mai hawa ɗaya zai ƙare cikin kimanin shekara 18, da mai hawa biyu kuwa zai kai kimanin shekara 28. Bambancin shekara 10 ke nan, kuma kada a manta masana'antar taki ita ma daga wannan rijiya za ta sha. Tun da kuɗin gas shi ne kaso mafi girma a cikin kuɗin gudanar da irin wannan tasha, bambancin zai bayyana a takardar kuɗin wuta da za a kai wa mai injin casar shinkafa ko mai matse gyaɗa a ƙarshen wata.

Tasha mai hawa biyu tana da nata sharuɗɗan. Ta fi tsada wajen ginawa, tana kuma buƙatar ruwa mai yawa na sanyaya tururi, ko kuwa manyan fankoki masu yin wannan aiki da iska, waɗanda su ma kuɗi ne. A yankin da rafuka ke ja da baya da rani, wannan magana ce da ya kamata a warware tun a kan takarda. Har ila yau zafin bazara, wanda kan kai digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, yana rage ƙarfin farfelar gas, domin iska mai zafi ba ta da nauyi. Ƙarfin da aka rubuta a jikin inji a ƙasar da aka ƙera shi ba lalle ne a same shi a Alkaleri da tsakar rana ba.

Wannan lissafi ya shafi kwal ma. A Maiganga ta Jihar Gombe, wadda har zuwa 1996 take cikin tsohuwar Jihar Bauchi, ana haƙar kwal da kamfanin siminti na Ashaka ke amfani da shi. Duk wanda zai kawo shawarar gina tashar wuta a kan irin wannan kwal, tambayar farko da za a yi masa ita ce kason zafin da injinsa zai mayar ya zama lantarki.

Abin lura ga masu zuba jari

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu, su ba da lasisin samarwa da rarrabawa a cikin iyakokinsu. Wannan ya buɗe ƙofa ga gwamnatocin jihohi da attajirai, ya kuma buɗe ta ga dillalan fasahohi iri-iri, na gaskiya da na bogi. Tarihin MHD ya nuna cewa fasaha tana iya zama daidai a ƙa'idar kimiyya, ta yi aiki a ɗakin gwaji, manyan ƙasashe su tsaya mata, amma ta kāsa tsayawa a kasuwa. Saboda haka kafin a sa hannu a kan kowace yarjejeniya, ya kamata a nemi a ga inda irin wannan na'ura take aiki a halin yanzu, da sa'o'in da ta yi ba a tsayar da ita ba, da inda za a samo kayan gyaranta, da kuma wanda zai gyara ta idan baƙin da suka kafa ta sun koma gida. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Haka nan ya dace ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu na jihar su nemi sanin irin tashar da za a gina a Kolmani tun kafin a ba da kwangila, da layin da zai kawo wutar zuwa birnin Bauchi, da kason da za a keɓe wa masana'antun yankin. Akwai ma damar da ba a cika ambata ba, watau a kafa masana'antun da ke buƙatar tururi ko zafi, kamar na turara shinkafa da busar da amfanin gona, a kusa da tashar, su sayi ragowar zafin da da ya tafi a banza.

Bauchi ba ta rasa inda za ta nemi shawara ba. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, tana da sassan injiniyanci, kuma a cikinta ne Cibiyar Binciken Man Fetur ta Ƙasa take, ƙarƙashin Hukumar Makamashi ta Nijeriya. Akwai kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a birnin. Waɗannan cibiyoyi za su iya tantance alƙaluman da 'yan kwangila za su gabatar, su kuma horar da matasan da za su riƙe injunan. Indiya ba ta samu tashar kasuwanci daga gwajinta na MHD ba, amma ta samu injiniyoyin da suka goge a kan aikin matsanancin zafi.

Birnin da aka taɓa harhaɗa motoci da taraktocin Steyr a cikinsa ya san abin da masana'anta ke kawowa, ya kuma san abin da rufe ta ke jawowa. Gas ɗin Kolmani yana da iyaka, kuma abin da aka ƙone ya tafi ke nan. Zaɓin injin da za a ƙona shi a ciki aiki ne na 'yan watanni a kan tebur, amma mai walda na hanyar Jos da 'ya'yansa za su shafe shekaru masu yawa suna biyan kuɗin wuta a kan abin da aka zaɓa.